Mai kasuwancin kansa da mai albashi: wa ya fi jin daɗin rayuwa?

Auta: Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni, kuma don Allah amsa ta gaskiya nake so, ba irin ta masu ƙarfafa gwiwa a bidiyo ba. Aikin ofis nake yi, albashi na zuwa a kan kari, babu wanda ya taɓa wulaƙanta ni. Amma kullum da safe da jan ƙafa nake fita. Abokaina da suka ajiye aiki suka kama harkar kansu, duk sanda muka haɗu sai su ce ai yanzu suka san suna raye. Da gaske ne mai kasuwancin kansa ya fi mai albashi jin daɗi, ko kuwa kunya ce ta hana su cewa sun yi da-na-sani?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Da gaske ne, ƙanena. Ni na ɗanɗana duka biyun. Abin da nake samu yanzu, in aka kasa shi wata-wata, bai kai albashin da na bari ba, amma ko ninka mini shi za a yi ba zan koma ba. Kuma ba aikin ne ya kore ni ba, neman izini ne. Ka hango hanyar da ta fi, ka rubuta takarda, ta hau sama ta kwana a kan teburori, ta dawo maka da jan biro an ce a bar abu yadda aka saba. Yanzu in na ga abu bai yi ba da safe, kafin azahar na canza shi, ba mai tambayata.

Baba Ɗan Fansho: Injiniya, ka gaya masa kuma wa ke biyanka ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai.

Injiniya: Haba Baba, ai ban ce babu wahala ba.

Baba Ɗan Fansho: Ba ka kuma ce akwai ba. Yaro, saurara. Ni aikin albashi na yi har na ajiye da mutuncina. Ranar da na kulle ofis da yamma, tunaninsa ma na kulle shi a ciki. Ina da hutun shekara, ina da hutun rashin lafiya, na kuma san abin da zai shigo wata mai zuwa da na bayansa, shi ya sa na iya tsara karatun 'ya'yana tun suna ƙanana. Ku matasa kun raina wannan don ba ya ƙara, ba a ɗaukarsa hoto. Amma barci mai nauyi ma jin daɗi ne.

Hajiya Babba: Bari in sa baki, tunda ni ce mai biyan albashin da ake magana a kai. Auta, akwai wani dare a kowane wata da abokan naka ba su ba ka labarinsa ba, wataƙila don har yanzu su kaɗai ne ba su ɗauki ma'aikata ba. Daren da gobe za ka biya mutane. Kana kwance, waya na hannunka, kana buɗe asusu kana rufewa kamar kallonsa zai ƙara shi. Wanda ya karɓi kayanka tun watan jiya ya daina ɗaga waya, in ya ɗaga ya ce maka shi ma kuɗinsa ne ya maƙale a wani wuri. Ga haya, ga haraji, ga mai kawo maka kaya ya ce ba zai sake ba da bashi ba. Da safe kuma dole ka shiga da fara'a, don in ma'aikata suka ga damuwa a fuskarka, kafin la'asar wanda ka fi ji da shi ya fara neman wani wurin. An sha yin watan da na biya kowa ni na tashi babu ko sisi. To duk da haka, in ka ce in zaɓa, nan ɗin zan zauna. Akwai yarinyar da ta zo mini ba ta iya ko rubuta rasit ba, yau ita ke riƙe da rabin harkar, in na yi tafiya ba na waiwaye. Daɗin da nake ji in na tuna da wannan, ban taɓa jin irinsa ba a shekarun da nake karɓar albashi. Sai dai daɗi ne mai tafe da ciwon kai, ba a sayar da su dabam-dabam.

Malam Mai Alli: Abin da Injiniya da Hajiya suka faɗa, masana tattalin arziki sun auna shi. Matthias Benz da Bruno Frey sun duba bayanan ma'aikata a Jamus da Birtaniya da Suwizalan, a binciken da suka fitar a 2008, suka tarar masu zaman kansu sun fi masu albashi cewa sun gamsu da aikinsu, ko da an daidaita kuɗin shiga da awoyin aiki. Da suka bi diddigin dalili, sai ga shi 'yancin yanke shawara ne. Har ma sun ga cewa ma'aikacin ƙaramin kamfani ya fi na babba gamsuwa, saboda matakan shugabannin da ke kansa ba su da yawa. Tun kafin nan, a 2000, Barton Hamilton ya yi lissafi da bayanan Amurka, ya ga mai zaman kansa na tsaka-tsaki, bayan shekara 10 yana harkar, abin da yake samu ya gaza albashin da zai iya karɓa da kusan kashi 35 cikin 100. Kuma ba su koma aikin albashin ba. Kenan mutane da yawa sayen 'yancin nan suke yi da aljihunsu, suna sane.

Injiniya: Malam, Allah ya ƙara basira. Ni ne wannan na tsaka-tsakin, ka ga an rubuta ni a takarda ban sani ba.

Anti Akanta: Kafin ku yi murna, ni da ke duba littattafan 'yan kasuwa ina da gyara biyu. Na farko ƙarami ne: kada ku ɗauki kashi 35 ɗin nan kamar saukakke, don ɗan kasuwa ba ya faɗin gaskiyar abin da yake samu, ko ga mai bincike balle ga mai haraji. Sau tari ma shi kansa bai sani ba, aljihunsa da na kasuwancin a haɗe suke. Na biyun shi ne babba. In aka zo ana tambayar masu kasuwanci ko suna jin daɗi, su wa ake samu? Waɗanda ƙofarsu ke buɗe har yanzu. Wanda ya karye ya koma neman aiki da bashi a wuyansa, an riga an lissafa shi a cikin masu albashi, ko marasa aiki. Alƙaluman hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka sun daɗe suna nuna abu ɗaya: cikin sababbin wuraren kasuwanci, kusan ɗaya cikin biyar ba ya cika shekara, rabi ne kawai ke kai shekara 5, kusan ɗaya cikin uku ke kai 10. Wannan a ƙasar da rance ke da sauƙin samu ke nan. Auta, abokanka da kake haɗuwa da su, masu fitowa ne. Wanda abin ya juya wa baya ba ya zuwa hira.

Ɗan Gari: Ni fa duk wannan dogon bayani ban gane masa ba. Magana ɗaya ce, kuɗi. Mai kuɗi na jin daɗi ko a ofis yake ko a kasuwa, wanda babu kuma ko sarautar kamfani aka ba shi fuskarsa a murtuke take.

Malam Mai Alli: Ba ka yi ƙarya gaba ɗaya ba, Ɗan Gari. A 2010 Daniel Kahneman da Angus Deaton sun ce a Amurka daɗin yau da kullum na hawa da kuɗi har zuwa wajen dala 75,000 a shekara, daga nan ya tsaya. Matthew Killingsworth ya zo a 2021 ya ce bai ga inda ya tsaya ba. Maimakon su yi ta jifan juna, sai shi da Kahneman suka zauna tare suka sake duba bayanan, a 2023 suka fito da cewa ga yawancin mutane daɗin na ci gaba da hawa, waɗanda dama suka fi kowa ƙunci ne ƙarin kuɗi ke daina yi musu magani a wani mataki. To kuɗi na da tasiri. Amma in kuɗi ne kaɗai, ka bayyana mana Injiniya da ya yarda da ragi yana dariya.

Ɗan Gari: Injiniya bai yi aure da wuri ba ne, ko kuma madam na aiki.

Injiniya: Tana aiki kam, ba zan ɓoye ba. Albashinta ne ya riƙe gidan a farkon tafiyar.

Baba Ɗan Fansho: Alhamdu lillahi. Ashe dai albashin da ake zagi shi ya goya kasuwancin.

Maman Biyu: Ina ta karantawa ina jin haushi, ku yi haƙuri. Duk kuna magana ne kamar kowa zaɓa ya yi. Ni rage ma'aikata aka yi a wurin aikinmu, aka miƙo mini takarda ranar da ban zata ba. Na nemi wani har na gaji, shi ne na kama 'yar sana'a don kada yara su kwana da yunwa. Yau in an gan ni sai a ce ai ke kin huta, ba ki da oga. Wace hutawa? Ba ni da Asabar, ba ni da Lahadi. In yaro ba lafiya na zauna da shi a asibiti, ranar nan babu ko kwabo, ga kuɗin magani. Wayata ba ta isa ta mutu ba, ko ina sallah ina jin tana ƙara hankalina na can. 'Yancin da Injiniya ke yabo, ni ban san inda ake karɓarsa ba. Yau a kira ni aiki mai albashi ko da bai kai na da ba, wallahi gobe da asuba ina bakin ƙofa.

Hajiya Babba: Allah ya kawo miki mafita, ƙanwata. Kin faɗi abin da mu da muka shiga da ƙafarmu muke mantawa.

Malam Mai Alli: Maman Biyu, maganarki ita ce ta fi kusa da halin da yawancin duniya ke ciki. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ce a rahotonta na 2018 mutum kusan biliyan 2, sama da kashi 60 cikin 100 na masu aiki a doron ƙasa, ba su da aikin da ke da rajista ko kariya. Da yawansu masu zaman kansu ne, ba don sha'awa ba. Abhijit Banerjee da Esther Duflo, da suka samu kyautar Nobel a 2019, sun ba da labarin cewa in aka tambayi talakawa a ƙasashe dabam-dabam me suke yi wa 'ya'yansu fata, amsar da ta fi yawa ita ce aikin gwamnati. Mutanen da kullum suke saye da sayarwa ke nan, ba sa so 'ya'yansu su gaje su. Ko a Birtaniya, Martin Binder da Alex Coad sun gano a 2013 cewa wanda ya bar aikin albashi ya kama na kansa gamsuwarsa da rayuwa na ƙaruwa, amma wanda ya shiga daga zaman rashin aiki bai fi takwaransa da ya samu aikin albashi ba. Sana'a ɗaya, ƙofar shiga dabam, sakamako dabam.

Sista: Ni ma'aikaciyar jinya ce, albashi nake karɓa, kuma ina son aikina, kada a ɗauka duk mai albashi a kurkuku yake. Abin da nake so in ƙara daga ɓangarenmu na lafiya shi ne binciken Whitehall. An fara shi a 1967 a kan ma'aikatan gwamnati maza kusan 18,000 a Landan. Dukansu masu albashi ne, aikinsu tabbatacce, asibiti kyauta ga kowa. Amma na matakin ƙasa, irin masinjoji da masu tsaron ƙofa, yawan mace-macensu ya kai kusan ninki uku na manyan jami'ai. Taba da hawan jini da makamantansu ba su bayyana ko rabin tazarar ba. Da Michael Marmot ya jagoranci kashi na biyu daga 1985, maza da mata, sai aka ga rashin ta-cewa a wurin aiki na tafiya tare da ciwon zuciya. Ba mai aiki da yawa ne ya fi cutuwa ba, wanda ake ɗora wa kaya ba a tambayarsa yadda zai ɗauka ne. Shi ya sa nake ganin an raba muhawarar nan a inda bai dace ba. Maman Biyu ita ke da sana'arta amma ba ta da iko da ranarta. Ni ba ni da ko kujera a asibitin nan, amma a ɗakin da nake duti ana jin maganata, in na ce majinyacin nan a sake duba shi za a duba.

Injiniya: Sista, na yarda da rabi. Amma ikon da kike da shi aro ne. Gobe a canza miki shugaba, a kawo wanda ba ya jin magana, shi ke nan ya tafi. Nawa ba mai ƙwace shi.

Anti Akanta: Banki zai iya. Babban kwastoma ɗaya da rabin cinikinka ke hannunsa ma zai iya, kuma ba ya bin ƙa'idar sallama, ba ya ba da sanarwar wata guda. Na ga masu kamfani da suka fi kowane ƙaramin ma'aikaci rawar jiki a gaban wanda suke bi bashi.

Injiniya: Allah ya raba mu da irin wannan kwastoman.

Auta: Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena. Da na karanta maganar Sista sai na zauna na tambayi kaina me ya fi damuna a ofis. Gaskiya ba aikin ba ne, ina son sa, na kuma iya shi. Abin da ke ci mini rai shi ne komai sai an duba bayana, ko saƙo zan aika wa abokin hulɗa sai an karanta. Kasuwancin da nake tunani kuma irin wannan aikin ne dai, in riƙa yi wa mutane kai tsaye.

Hajiya Babba: To a nan zan ja kunnenka, ɗana. Wanda ya buɗe harka don yana son aikin hannunsa, shi ne ya fi saurin shan mamaki. Ranar da ka zama mai wuri, aikin da kake so ɗin shi zai zama mafi ƙanƙanta a cikin ranarka. Sauran lokacin neman masu saye ne, bin bashi, rarrashin wanda ya fusata, cike takardun haraji, sasanta ma'aikata biyu da ba sa ga maciji. Ni abin da na iya har na shigo harkar nan, yanzu wasu nake biya su yi, ni ina zaune da kalkuleta. In ba ka son talla, in kana jin nauyin ce wa mutum biya ni kuɗina, ka sani wannan shi ne aikin.

Anti Akanta: Kuma kada ka saki reshe ka kama ganye. Joseph Raffiee da Jie Feng sun bi mutane sama da 5,000 a Amurka, a binciken da ya fito a 2014, suka ga waɗanda suka fara kasuwanci suna riƙe da aikinsu, sannan daga baya suka koma gaba ɗaya, haɗarin rufewarsu ya yi ƙasa da kusan kashi 33 cikin 100 a kan waɗanda suka yi tsalle lokaci guda. Ka fara duba takardar ɗaukarka aiki ko ta yarda ka yi wani abu a gefe, kada ka ja wa kanka kora ko shari'a, kada kuma ka taɓa kwastomomin wurin aikinka. Ka buɗe asusu dabam tun ranar farko. Ka sa wa kanka albashi a lissafin, don yawancin ribar da sababbin 'yan kasuwa ke murna da ita ladan guminsu ne da ba su cire ba.

Injiniya: Ni dai ban yarda da ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje ba. In akwai wurin komawa, mutum ba ya dagewa.

Anti Akanta: Kowa haka yake ji, shi ya sa ake asara. A wani bincike da ya fito tun 1988, Arnold Cooper da abokan aikinsa sun tambayi sababbin 'yan kasuwa kusan 3,000 yadda suke ganin damarsu ta yin nasara. Kashi 81 suka ce aƙalla bakwai cikin goma, ɗaya cikin uku ma suka ce goma cikin goma, babu ko tantama. Da aka tambaye su damar wasu masu irin harkar tasu, sai suka rage. Ka haɗa wannan da rabin da ba ya kai shekara 5. Kai kuma ai ka riga ka gaya mana wurin komawarka, tana gida tana karɓar albashi.

Baba Ɗan Fansho: Akanta, Allah ya yi miki albarka.

Malam Mai Alli: Auta, kuma ba a makara. Pierre Azoulay da abokansa sun duba bayanan masu kafa kamfanoni a Amurka, suka tarar matsakaicin shekarun waɗanda kamfanoninsu suka fi saurin bunƙasa 45 ne, kuma wanda ya daɗe yana aiki a fannin ya fi samun nasara. Shekarun da kake yi a ofis ba ɓata lokaci ba ne, koyo kake ana biyanka.

Sista: Kafin duk wannan ma, ka taɓa zama da shugabanka ka ce masa a sakar maka mara a wani ɓangare na aikin, a auna ka da sakamako? Ko ka nemi wani wurin da ba a bin bayan mutum haka? Wani lokacin ofis ne ya kamata a canza.

Auta: Ban taɓa ba, Sista. Ina jin tsoron kada a ce na fiye rawar kai.

Hajiya Babba: Kana tsoron tunkarar mutum ɗaya da ke biyanka, kuma kana shirin tunkarar baƙi kullum ka ce su ba ka kuɗinsu? Je ka fara da shi. In ka fito, ka zo ka gaya mana yadda kuka yi, sannan mu yi maganar jari.

Maman Biyu: In kuma ka yanke shawarar ajiyewa, don Allah ka sanar da ni kafin a tallata gurbin.